"Masana Sun Ce a Saya": Tsaya Ka Ji Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Hannun Jari

Tun da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna a watan Maris na 2024 su ƙara jari, manya daga cikinsu su kai naira biliyan 500, tallar hannun jari ta sake shiga lungu da saƙo. A da sai mutum ya yi tattaki zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato ya cike takardu. Yanzu kuwa yana zaune a Masama, ko Gwandu, ko Kalgo, da wayar hannu zai saya. Sai ga saƙonni a WhatsApp da Facebook: "masana sun ce a sayi hannun jarin kamfani kaza." Manomin da ya sayar da shinkafar rani ko albasa, da malamin makarantar da ya kwashi adashi, da sun ji an ambaci masana sai su ɗauka magana ta ƙare.

Masanan nan ma'aikata ne a kamfanonin dillancin hannun jari da bankunan zuba jari, akasarinsu a Legas. Suna duba lissafin kamfani: cinikin da ya yi, ribar da ya ci, bashin da ke wuyansa, da yadda tashin dala ke taɓa shi. Sai su yanke hukunci da kalma ɗaya, ko "saya", ko "riƙe", ko "sayar", su haɗa da farashin da suke hasashen hannun jarin zai kai, galibi nan da wata 12. Hasashe ne kawai. Hukumar SEC mai kula da harkar da kasuwar hannun jari ta NGX ba su lamunce shi ba, kuma idan bai tabbata ba babu wanda zai biya ka ko sisi.

A ce hannun jari yana naira 50, masani ya hango 60, ya ce a saya. Ƙarin kashi 20 cikin 100 ke nan, abin sha'awa a takarda. To amma a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100. A shekara irin wannan, ko hasashen ya cika cif, naira 60 ɗinka ba za ta sayi takin da naira 50 ta saya bara ba. Ga shi kowane kamfanin dillanci da ma'auninsa, abin da wannan ya kira "saya" wancan zai kira shi "riƙe". Ita ma "riƙe" ɗin sau da yawa kara ce, masanin bai gamsu da kamfanin ba amma ba ya son faɗa ƙarara.

Me ya kawo karar? Duk wanda ya saba da kasuwar dabbobi ya san dillali ba ya kushe san da aka ba shi, don la'adarsa tana kan ciniki ya faɗa. Kamfanin dillanci ma yana cin la'ada duk lokacin da ka saya ko ka sayar, wani lokacin kuma shi ko ɗan uwansa ne aka ɗauka ya tallata sabon hannun jarin kamfanin da ake yabo. Shi ya sa "saya" ta fi "sayar" yawa nesa ba kusa ba. Akwai masu yin aikin tsakani da Allah, suna da yawa ma, amma kai da ke nesa ba ka da hanyar tantance su daga kalma ɗaya.

An gani a Amurka. Kamfanin Enron ya durƙushe a Disamba 2001, alhali har ana gab da faɗuwarsa yawancin masanan da ke bibiyarsa "saya" suke cewa. A 2003 manyan kamfanonin kuɗi 10 suka amince su biya kimanin dala biliyan 1.4 kan zargin gurɓata irin wannan shawara. Mu ma mun ɗanɗana. Bayan haɗe bankuna a 2005 jama'a sun yi rububin hannun jarin banki, wasu har da bashi. Kasuwa ta kai ƙololuwa a Maris 2008, cikin shekara guda ta zube da kusan kashi biyu bisa uku. A Agusta 2009 Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Banki a lokacin, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ciki har da Oceanic da Intercontinental. Har yau akwai dattawan da takardun wancan zamani ke kwance cikin akwatunansu.

Ko shawarar gaskiya ce, tana tsufa. Kafin ta zagayo wayarka ta yiwu ta yi makonni, manyan masu kuɗi sun riga sun saya, farashi ya tashi. Kuma masanin bai san ka ba, bai san kuɗin noman damina ne ko na auren 'yarka ba. Bai kuma duba halal da haram, ko kamfanin giya ne ko mai mu'amala da kuɗin ruwa zai iya cewa a saya. Mai son kiyaye wannan ya duba jerin kamfanonin NGX Lotus Islamic Index, wanda ake fitarwa tun 2012, ya kuma tambayi malami masanin harkar.

Wanda kuma ya ce maka riba tabbas ce, wannan ba masani ba ne. Waɗanda dandalin zuba jari na CBEX ya rushe da kuɗinsu a Afrilu 2025 irin alkawarin da aka yi musu ke nan.

Don haka ɗan uwa, idan saƙon "saya" ya iso gare ka, nemi cikakken rahoton, ka ga sunan kamfanin da ya rubuta da kwanan wata da dalilansa, ka gwada da na wani kamfanin. Tabbatar dillalinka yana da rajista da SEC, kuma hannun jarin ya shiga asusun ajiyar hannun jari na CSCS da sunanka. Kuɗin taki da na makarantar yara kuwa, don Allah a bar su inda suke.