Bindiga Babu Albarushi: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Horar da Hannu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san ƙarar bindigogin 'yan bindigar Sarkin Kano da hayaƙin da ke turnuƙe fili. Al'ada ce mai dogon asali, domin littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743) an shigo da bindigogi birnin. To amma ta yaya hannu ke ƙwarewa da makami irin wannan ba tare da an yi asarar rai ba?

Amsar tana cikin ƙwaƙwalwa. A 1953 likitoci a Amurka suka yi wa Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiya, daga nan ya kasa riƙe sabon abu a ka. Sai masaniya Brenda Milner ta sa shi zana tauraro yana duban madubi. Kullum hannunsa na ƙara gwanancewa, alhali ba ya tuna ya taɓa yin aikin. Wannan ya nuna cewa ƙwarewar hannu ma'ajiyarta daban, kuma ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya na cikin masu kula da ita. Abincinta maimaici ne, ba ruwanta da harsashi. Shi ya sa ake horar da kuratan soja da bindiga wayam kafin su je filin harbi.

Rashin ƙara ma riba ce. Ƙarar harbi kan wuce desibel 140, alhali desibel 85 kaɗai na iya lahanta ji idan aka daɗe cikinsa. Ƙwayoyin gashi kimanin 16,000 da ke can cikin kunne ba sa sake tsirowa in sun mutu. Bugu da ƙari, ƙarar na sa sabon shiga ƙifta ido da fizgar hannu, har razanar ta zame masa jiki.

Sai dai gidajen cikin birni a manne suke da juna, tsakar gida kuma ba ta rabuwa da yara. Don haka mai lasisin da zai gwada hannunsa sai ya ajiye albarushi da harsashi a wani ɗakin, ya duba bindigar da kansa, ya ɗauke yatsa daga kunama, kuma kada ya juya bakinta wajen mutum ko da wasa. Albarushi ko babu harsashi yana kisa: a 1984 ɗan wasan Amurka Jon-Erik Hexum ya mutu bayan ya harba irin wannan a gefen kansa.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana mallakar bindiga ba da izini ba. Ɗalibin da ya ga bindiga a gida kada ya taɓa ta, ya sanar da babba. Malami kuwa, madubi da fensir da takarda sun ishe shi maimaita gwajin Milner a aji.