Yadda "miliyan uku" ta kusa raba Alhaji da abokiyar cinikinsa

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Aboabo a nan Tamale ya san cewa idan dattijo ya ce maka kaya miliyan biyar ne, sidi ɗari biyar yake nufi. Tun watan Yulin 2007 Babban Bankin Ghana ya datse sifiri huɗu daga kuɗinmu, wato sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, amma har gobe bakin manyan 'yan kasuwa bai saki tsohon lissafi ba. Mu dai mun fahimci junanmu. Matsalar tana tasowa ne ranar da aka ce wayar salula ta shigo cikin cinikin.

Wani maƙwabcina a Kalpohin, Alhaji ne mai sana'ar hatsi da albasa, yana da ɗan ƙani da ya karanta kwamfuta. Yaron ya ga yadda littafin bashin kawun nasa ya tsufa, wasu shafukan ruwa ya taɓa su, sai ya zauna ya haɗa masa manhaja a waya: a rubuta sunan mai karɓar kaya da kuɗin da ake binsa, ita kuma duk ƙarshen wata ta aika masa saƙon tuni. Ya gwada ta a ɗakinsa kusan mako biyu, komai daidai.

Ranar farko a kasuwa Alhaji ya ce wa yaron shago ya rubuta miliyan uku a kan wata Hajiya da ke sayen masara tana kaiwa Paga. Yaron shago ɗan bana-bakwai ne, bai taɓa riƙe tsohon sidi ba, sai ya rubuta uku da sifiri shida. Manhaja ta karɓa ba musu. Ƙarshen wata Hajiya ta ga saƙo a wayarta cewa ana binta sidi 3,000,000, alhali ɗari uku ne. Matar da suka yi shekara kusan ashirin suna hulɗa ba tare da takarda ba, ta ɗauka Alhaji ne ya shirya mata sharri tun da yanzu an koma rubutu. Sai da ya bar rumfarsa ya hau mota takanas har Paga, ya nuna mata tsohon littafi, sannan ta sauko.

Da na gayyaci yaron shirinmu na rediyo, bai ɓoye komai ba. Ya ce shi lambobin da ya sani ya riƙa sawa lokacin gwaji, bai taɓa tambayar kansa abin da zai faru idan aka sa lambar da ta wuce hankali ba. Layi biyu kacal yake buƙatar ƙarawa don wayar ta tsaya ta tambaya, "Ka tabbata?" Wannan kuwa shi ne abin da masu sana'ar ke kira gwajin manhaja, wato ka zauna da gangan kana neman hanyar da za ka karya abin da ka gina kafin ya karye a hannun mai shi.

Abokansa da suka bugo waya ra'ayinsu ya rabu. Wasu suka ce laifin kayan aiki ne, da ya tsaya a kan Excel da kowa ya sani da ba a yi haka ba. Wasu suka ce ai tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, manhajar da a da ake wata ana rubutawa da Python ko makamancinsa yanzu a yini ɗaya ake gama ta. Ni a nawa ɗan sanin, duk sun bar jaki suna dukan taiki. Ko da me aka rubuta ta, wanda bai taɓa zama a rumfa ba ba zai san cewa mai albasa daga Galmi idan ya ce dala ashirin sefa ɗari yake nufi, jaka kuma sefa dubu. Saurin rubutun ma ni tsoro yake ba ni, domin yana sa yaro ya miƙa aiki tun bai kwana da shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙananan yara ne kawai ke wannan tuntuɓe. 'Yan kasuwar kan iyaka ba su manta shekarar 2020 ba, lokacin da hukumar kwastan ta koma sabon tsarin kwamfuta mai suna ICUMS a madadin na GCNet da West Blue. Da aka fara shi a tashar jiragen ruwa ta Tema a watan Yuni, masu fiton kaya sun yi ta kokawa kan jinkiri, kaya na zaune kuɗin ajiya na hawa, sai daga baya abubuwa suka daidaita. A ranar 19 ga Yulin 2024 kuma, wani gyara da kamfanin CrowdStrike na Amurka ya tura wa abokan hulɗarsa ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a faɗin duniya, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani. Idan manya masu ɗaruruwan injiniyoyi za su yi haka, ina ga ɗan Kalpohin da ke aiki shi kaɗai a tsakar dare?

Inda na yaba shi ne yadda Babban Bankin Ghana ya yi da kuɗin e-Cedi. Maimakon a tsaya a Accra, a 2022 an kai gwajin har Sefwi Asafo, aka ba mutane suna ciniki da shi ba tare da intanet ba. Hikimar haka ta fito fili a ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, ƙasar nan ta yi kwanaki cikin wahalar sadarwa. Ɗan kasuwar da lissafinsa duka ke buƙatar intanet kafin ya buɗe, a ranakun nan ko wanda yake bi bashi ba zai iya dubawa ba.

Don haka ɗan'uwa, idan wani ya kawo maka manhaja, ko ɗanka ne na cikinka, yi mata irin binciken da kake yi wa buhun masara, ka soka tsinke har ƙasa. Kashe data ka ga ko za ta buɗe. Sa mata kuɗin banza ka ga ko za ta yi gardama. Miƙa wayar ga wanda ya fi kowa ƙarancin karatu a shagonka, ka koma gefe ka zuba ido. Sannan ka tambaye shi, idan aka sace wayar a tasha, ina lissafinka zai kwana? Kuma kada ka yarda ta aika wa kowa saƙo sai ka ji an karanta maka shi.

Shi dai Alhaji bai jefar da manhajar ba. Ya ce wa yaron, "Ɗana, kai da littafina za ku yi tafiya tare har wata uku, in kun yi daidai sai in sallame shi." Yanzu yaron duk ranar Asabar yana rumfa daga safe zuwa la'asar, yana kallon yadda ake shigar da lissafi. A mako na biyu ya gano cewa mutum huɗu ne a littafin masu suna Fuseini, kuma manhajarsa ta haɗe bashinsu wuri ɗaya.