Rubutaccen Shiri: Yadda Muke Wasan Mamayar Baƙin Sama A Fadamar Baturiya

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta kai ta sauraro ba. Na ɗan rage wuraren da na yi ta maimaita magana, sauran kuwa yadda na faɗa haka na bar shi.

Tun da na ambaci wasan nan namu na WhatsApp a shirin da ya wuce, saƙonni suke ta shigowa. Wani ya ce gem ne da ake saukewa a waya? Wata ta ce littafi muke rubutawa? Wani bawan Allah kuma kai tsaye ya ce caca ce muka sake wa suna. To yau zan warware muku, har da inda na tafka kuskure, don wanda zai buɗe nasa kada ya faɗa ramin da na faɗa.

Ba gem ba ne, babu abin da za ka sauke. Labari ne ake ginawa tare. Mutum ɗaya, wato ni, shi ne mai jan labari: ni nake faɗin inda ake, da abin da ya faru, ni ne kuma bakin duk wanda ba ɗan wasa ba. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin, ya riƙa faɗin abin da mutumin nan zai yi. A Amurka aka fara sayar da irin wannan wasa, a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. A 1977 aka fitar da Traveller, wanda shi na sararin samaniya ne. Amma ni da na fara bayyana wa yayata, sai ta ce, "Yo ai wannan wasan gauta ne." Kuma ba ta yi ƙarya ba. Wanda ya san yadda samari suke naɗa sarki da alƙali da gwamna a kalankuwa, kowa ya riƙe matsayinsa har a watse, ya riga ya san rabin abin.

Labarinmu shi ne: wasu halittu sun sauko daga wata duniya, shekara uku ke nan suna mulkin ƙasa. Muna ce musu Baƙin Sama. Yaƙi ya riga ya ƙare, an ci mu. 'Yan wasa ba sojoji ba ne, mutanen wani ƙauye ne a cikin fadamar Baturiya, can ƙaramar hukumar Kirikasamma: masunci, ungozoma, makiyayi, mai kwalekwale, mai cajin waya, malamar firamare, sai tafinta. Burinsu ba wai su kori Baƙi ba. Su dai su kai ga kaka da ransu, da irin shuka a hannu.

Mutane suna tambaya me ya sa Baturiya, ba Legas ko wani birni mai dogayen benaye kamar na fim ba. Dalili na farko, nan muka sani. Na biyu kuma, wallahi ban taɓa ganin wurin da ya dace da labarin ɓuya kamar fadamar nan ba. Wuri ne da duniya ta san da shi, tun 2008 yana cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, kuma kowace shekara da sanyi tsuntsaye suna tasowa tun daga Turai su sauka a nan. Duk wannan na mayar da shi dokar wasa. In hunturu ya shigo, hazo yana makantar da na'urorin Baƙi masu shawagi. In garken tsuntsaye ya tashi, na'urar ba ta bambance mutum da kirinjijiya, don haka lokacin ne ake tsallaka ruwa. Kachala kuwa, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa take tara jan baki suna cinye shinkafa, a cikin wasa ita ce maɓoya. Wani ɗan wasanmu ya ce karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya ji ya gode wa kachala.

Su kuma Baƙin, na daɗe ina tunanin me suke so. Baƙon da ya zo yana harbi kawai, sati biyu za a yi a gaji da shi. Sai na ce ruwa suke so. Sun kafa wata ƙofa a saman kogi, su suke buɗewa su suke rufewa, ƙauyen da ya yi biyayya a sakar masa, wanda ya yi taurin kai a bar shi da busasshen laka, ko a sako masa fiye da ƙima cikin dare. Duk ɗan yankin Haɗejiya da ya ji wannan sai ya yi murmushi, don ba daga sama na ɗauko shi ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan da yake zuwa mana ya daina bin lokacinsa na da. A da ruwa ya zo da damina ya ja da rani, ƙasa ta bushe. Da ya koma yana gudana har da rani, sai kachala ta samu wurin zama. Ba ina cewa masu madatsa Baƙin Sama ba ne fa, kada a je a ce na ce. Abin da nake nufi, mutumin da ya tashi a nan ba sai an koya masa yadda ake ji in makomar gonarka tana hannun wanda bai taɓa ganin fuskarka ba.

Wannan dabarar ma ba tawa ba ce. H. G. Wells da ya fitar da littafin The War of the Worlds a 1898, tun a babin farko ya tuna wa Turawa abin da suka yi wa mutanen Tasmaniya. A gida kuma Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya da Hausa tun 1969 a Tauraruwa Mai Wutsiya. Saboda haka mai cewa Hausa ba ta ɗaukar irin wannan labari, a ba shi littafin ya karanta.

Yanzu maganar caca. Yawancin irin waɗannan wasanni da ɗan lido ake yanke hukunci: ka ce za ka tsallaka kogi, a jefa, lamba ta nuna ko ka tsira. Telegram ma yana da nasa, in ka tura hoton ɗan lidon sai ya juya ya ba ka lamba daga 1 zuwa 6. Da haka muka fara. Sai biyu daga cikinmu suka ce ransu bai kwanta ba, saboda hadisin da ya zo a Sahihu Muslim game da wasan nardu, ko da babu kuɗi a ciki. Ni ba malami ba ne, kuma ban ga dalilin da zan sa abokina ya riƙa wasa zuciyarsa tana ɗar-ɗar ba. Muka ajiye shi. Daga baya na gano tun 1991 akwai wasan da ake kira Amber wanda babu jifa a cikinsa sam.

Ga abin da muka koma yi. Kowane ɗan wasa yana da tsakuwa biyar a sati, a rubuce kawai. In ka ce za ka yi abu mai haɗari, sai in yanka masa farashi daga 1 zuwa 5, in tura wa alƙalinmu a ɓoye kafin ka yi magana. Alƙalin ba ya wasa, aikinsa ke nan kawai. Sai kai kuma ka faɗi tsakuwa nawa za ka zuba. In ka kai farashin, ka yi nasara. In saura ɗaya, ka yi nasara amma ka bar wani abu a baya, ko takalmi a laka, ko wani ya gan ka. In ka gaza fiye da haka, abin ya ɓaci. Tsakuwar da ka zuba kuwa ta tafi ko ka ci ko ka faɗi. Kun ga a nan ba sa'a ba ce, lissafi ne da karantar hali. Wanda ya zubar da biyar ɗinsa ranar Litinin don burga, ranar Alhamis in 'yarsa ta kwanta zazzaɓi ba shi da abin zuwa nemo magani.

Sai lambobi biyu na gari gaba ɗaya, waɗanda nake liƙawa a saman guruf. Rumbu yana farawa da 20, kowane sati yana raguwa da biyu sai in an nemo. Ido kuma yana farawa daga sifili, duk abin da ya ja hankalin Baƙi yana ƙara shi, in ya kai 10 za su sauko garin. Daɗin wasan duk yana tsakanin lambobin nan biyu, don kusan duk abin da zai cika rumbu yana ɗaga ido.

Sauran tsarin a gurguje. Mutum bakwai, kada su wuce, na gwada sha biyu abin ya koma kasuwar kifi. Guruf biyu: Dandali na cikin labari, Zaure na hira da ƙorafi. Ina saka sabon fage bayan sallar isha'i, kowa yana da awa 24 ya amsa, saboda mun san halin netwok da caji a ƙauye. Ana karɓar saƙon murya, amma kada ya wuce minti ɗaya, kuma mafi iya wasa a cikinmu ma ba ya rubutu sosai, da murya yake yi. Shi ne ya kawo dabarar binne irin shinkafa da rediyo a cikin laka yadda gaiwa take binne kanta ta jira damina. Ban yanka masa farashi ba ma, na ce ya ci. Ba a saka sunan mutumin gaske, ba a zagin ƙabila, Baƙi kuma ba aljanu ba ne, ba ma taɓa wannan ɓangaren. Duk wanda fage ya yi masa nauyi ya rubuta TSAYA, a tsaya, ba a tambayarsa dalili. Wannan dokar ta yi mana rana a daminar 2022, lokacin da na shirya fagen ambaliya alhali ruwa na gaske yana cikin gidajen wasu daga cikinmu.

To, ga inda na yi kuskure.

A sati na tara rumbu ya sauko 4. Wani ya tsinke wa Baƙi wata waya a bakin ƙofar ruwa, kowa a garin ya san mai kwalekwale ne. Sai na bi tafinta ta saƙon sirri, da bakin Baƙi, na ce za a ƙara wa rumbu 10 in ya faɗi suna. Ni a zatona zai ƙi, ko ya yi musu ƙarya. Ya yi shiru kwana guda, sannan ya faɗi sunan. Washegari na rubuta a Dandali cewa an zo da asuba an tafi da mai kwalekwale, ga buhunan gero an sauke a ƙofar mai gari.

Jama'a, guruf ya kama da wuta. Waɗannan biyun abokai ne tun firamare. Mai kwalekwale ya yi wata biyu yana gina mutumin nan, har sunan da ya raɗa wa kwalekwalensa mun sani, rana ɗaya na ɗauke masa shi ba tare da ya zuba ko tsakuwa ɗaya ba. A Zaure wani ya rubuta wa tafinta, "Da kai ne a 1906 da kai za ka buɗe wa Nasara ƙofa." Wanda ba ɗan nan ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. A watan Afrilun 1906 ne sojojin Ingila suka afka wa Haɗejiya, shekara uku bayan sun ci Kano, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya aka kashe shi tare da ɗimbin mutanensa, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Akwai gidajen da suke ƙirga kakanninsu a cikin waɗanda suka kwanta ranar. Ka jefi mutum da wannan, ai ka wuce wasa.

Tafinta ya amsa da saƙon murya, muryarsa tana rawa. Ya ce shi ya ƙirga: rumbu 4, sati biyu ya rage, akwai mai ciki a garin, kuma babu wanda ya kawo wata dabara, kowa jarumtaka yake ta rubutawa. Ya ce to ku faɗa min wa zan bari ya mutu. Daga nan ya fita daga guruf. Kwana goma sha ɗaya su biyun ba su gaisa ba, har a masallaci.

Ni dai ban ga laifin zaɓinsa ba, kuma har gobe ina ganin shi ne fage mafi ƙarfi da muka taɓa yi, don wasan mamaya da babu mai haɗa kai da masu mamaya ƙarya ne. Turawa ma ba su yi mulki su kaɗai ba, da tafintoci da 'yan aike irin su Adamu Jakada na Kano suka yi. Laifin nawa ne, ta fuska biyu. Na sayar da ɗan wasa a bayan idonsa, kuma na bar maganar cikin labari ta tsallaka kan mutum na gaske ban tsawatar da wuri ba, ina can ina jin daɗin wai labarina ya kama mutane.

Sai da na je gidan kowannensu. Muka ƙara doka biyu. Ba a kashe ko a ɗauke mutumin wani sai da yardar mai shi. In za a ci amana, ni zan je wa wanda abin zai faɗa wa a ɓoye in ce ga abin da ke tafe, ka yarda? Abin mamaki, tun daga nan babu wanda ya taɓa cewa a'a, sai ma su ƙara gishiri. Doka ta biyu, a Zaure ba a kiran kowa da sunansa na wasa, kuma ba a yi wa mutum hukunci da abin da ya yi a Dandali.

Mai kwalekwale ya ce zai dawo bisa sharaɗi ɗaya: kada a kashe mutuminsa, a bar shi a tsare a wurin ƙofar ruwa, ya riƙa wasa daga can. Haka aka yi. Yanzu shi kaɗai ne ya san yadda ƙofar take aiki daga ciki, kuma mutum ɗaya ne tak a garin yake da izinin shiga wurin, wato tafinta. A daren jiya rumbu yana 7, ido yana 8, hazo ya fara sauka, kuma tafinta ya zuba tsakuwarsa biyar gaba ɗaya a kan abu guda. Farashin yana wurin alƙali, sai bayan isha'i za a buɗe.

Mai son takardar dokokin ya yi magana a ƙasa, zan saka ta yadda kowa zai kwafa. Wurin 'yan wasa a cike yake, amma muna neman alƙali na biyu, wanda ba ya barci da wuri kuma bakinsa yana da nauyi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.