Ƙananan halittun teku da ke yi wa masu haƙar mai jagora

Duk kamfanin da ke haƙa rijiyar mai yana bukatar sanin abu biyu game da dutsen da injinsa ke hudawa: shekarunsa nawa, kuma a ƙarƙashin teku ya samu ko kuwa a tudu.

Sau da yawa amsar na fitowa ne daga ragowar wasu halittun ruwa masu ƙwayar halitta ɗaya tak, waɗanda masana ke kira dainofilajilet.

Idan rayuwa ta yi tsanani, wasu daga cikinsu kan lulluɓe kansu da ƙwanso mai tauri, su nutse cikin laka su yi kwanton ɓauna. Da yanayi ya gyaru sai halittar ta fasa ta fice, ta bar ƙwanson.

Wannan ƙwanso ba ya ruɓewa da wuri, kuma masana sun ce mafi daɗewa da aka tabbatar ya kai kimanin shekaru miliyan 240. Sai an jera kamar guda 20 kafin su cika milimita ɗaya.

Yadda ake tantancewa

A ɗakin bincike akan jiƙa ɓarɓashin dutse a cikin asid mai ƙarfi har ya narke, a tace abin da ya saura, a duba shi da madubin ƙara girman abu.

Da farko akan lura da siffa: wani ƙwanson sumul yake, wani yana da ƙayoyi kamar ƙarangiya, wani kuma bangonsa biyu ne da sarari a tsakani.

Daga nan sai a ƙirga zanen da ke jikinsa, wanda ke nuna yadda faifayen jikin halittar suka jeru tun tana raye.

Amma babbar shaida ita ce ƙofar da halittar ta fita. Wurin da ƙofar take da kuma fasalinta su ne kan raba wani jinsi da wani.

Tun a shekarun 1830 wani Bajamushe, Christian Ehrenberg, ya ga irin waɗannan halittu a cikin dutsen ƙyastu. Sai a 1961 wani Ba'amurke, William Evitt, ya nuna cewa da yawa daga masu ƙayoyin, waɗanda aka daɗe ana taƙaddama kan asalinsu, ƙwanson dainofilajilet ne.

Da yake masu nazarin duwatsu da masu nazarin halittun ruwa kowa ya raɗa nasa sunan, akwai halittun da ke da suna biyu. Alal misali, ƙwanson da ake kira Spiniferites na halittar da ake kira Gonyaulax ne.

Amfanin aikin

Kowane jinsi yana da lokacin da ya bayyana da lokacin da ya ɓace, saboda haka ganinsa a dutse tamkar ganin kwanan wata ne a kan takarda. Launinsa kuma, daga ruwan ɗorawa zuwa baƙi, na nuna zafin da dutsen ya sha, wanda shi ke nuna ko mai ya nuna ko ya ƙone.

Kuskure wajen tantancewa na iya sa a ɗauki wani shimfiɗin dutse a matsayin wani, a yi asarar kuɗi mai yawa.

Ana amfani da wannan ilmi a yankin Neja Delta, inda aka fara samun mai a Oloibiri a 1956. An kuma samu irin wannan ƙwanso a duwatsun yankin Sakkwato, abin da ke ƙarfafa bayanin masana cewa teku ya taɓa ratsa Sahara ya malale yankin.

Masu nazarin sauyin yanayi ma na amfana. A 2004 an haƙo ƙwanson Apectodinium, jinsin da ke son ruwa mai ɗumi, a ƙarƙashin tekun Arktik da ƙanƙara ta rufe, shaidar irin zafin da duniya ta yi shekaru miliyan 56 da suka wuce.