Kuɗin da Ka Aika Gida Ba Sa Rage Maka Haraji a Amurka

Duk shekara idan 15 ga Afrilu ta matso, sai maganar nan ta sake yawo a tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Bronx da sauran biranen Amurka: wai ka tara rasiɗan kuɗin da ka aika gida, akwai wani gwani da zai jera maka su a takardar haraji, gwamnati ta dawo maka da kuɗi mai kauri. Na gaji da jin wannan zancen.

Hanya biyu hukumar haraji ta Amurka, IRS, ta ba mai biyan haraji. Ko ya karɓi rangwamen bai-ɗaya, wanda a shekarar haraji ta 2024 ya kai dala 14,600 ga mutum ɗaya, da dala 29,200 ga ma'auratan da suka cika takarda tare. Ko ya lissafo abubuwan da ya kashe ɗaya bayan ɗaya a kan fom ɗin Schedule A. Tun bayan dokar 2017 da ta kusan ninka rangwamen, kimanin mutum tara cikin goma shi suke ɗauka.

To, me ke shiga lissafin? Ruwan bashin gida, harajin jiha, kuɗin asibitin da ya wuce kashi 7.5 cikin ɗari na samunka, da kyauta ga ƙungiyar da hukuma ta amince da ita. Kuɗin da ka tura wa mahaifiya a Kumasi, ko na makarantar ƙane a Damagaram, ko gudummawar biki, duk ba sa ciki, domin kyauta ce ga mutum. Ladan yana wurin Allah. Zakka ma sai in ta bi ta masallaci ko ƙungiyar da ta cika sharaɗi a can Amurka, kuma daga dala 250 zuwa sama sai da rubutacciyar shaida. Mai haya kuwa, kuɗin hayarsa ba ya shiga ko kaɗan.

Shi gwanin da ya ƙirƙiro maka sadakar dala dubu ashirin ya karɓi ladansa ya yi gaba. Kai ka sa hannu, kai wasiƙa za ta iske, ka biya harajin da ruwansa, wani lokaci har da tarar kashi 20 cikin ɗari. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Kuma yaya za a yi mutum ya laƙaba wa sadaka ƙarya?

Ɗan'uwa, tattaro takardunka, ka haɗa jimillar abin da ya halatta, ka gwada da rangwamen bai-ɗaya, ka ɗauki wanda ya fi yawa. Idan kai da maiɗakinka daban-daban kuke cikawa, ɗaya ya lissafo, to dole ɗayan ma ya lissafo. Kada ka yarda da mai cikawar da ya ƙi sa sunansa da lambarsa ta PTIN, wato lambar shaidar masu cika wa mutane takardar haraji. Karanta kowane layi kafin ka sa hannu, ka adana rasiɗai aƙalla shekara uku. Masu ƙaramin ƙarfi su nemi shirin VITA, kyauta ake cika musu.