Wutar da Ta Ƙi Mutuwa a Neja-Dalta

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan da ake haƙar mai a jihohin Ribas, Bayelsa da Delta ya san dogayen bututun nan da harshen wuta ke ci a bakinsu dare da rana. Kamfanonin mai ne ke ƙona iskar gas da gangan, kuma haka abin yake tun da Najeriya ta fara fitar da ɗanyen mai a 1958.

Idan an haƙo ɗanyen mai, gas yakan biyo shi daga ƙarƙashin ƙasa. Hanya uku ce a gaban kamfani: ya tara shi ya sayar, ya mayar da shi cikin rijiya, ko ya cinna masa wuta. Biyun farko suna bukatar injuna da bututu masu tsada, ta ukun kuwa kusan kyauta ce a wurin kamfani. Masu biyan kuɗin su ne mazauna wurin, da suke shaƙar hayaƙi suna fama da zafi da rurin wuta. Sauran duniya ma tana da nata kason, domin gas ɗin da ya ƙone yana zama iskar kabon, wanda ya kuɓuce bai ƙone ba kuma iskar metan ce, wadda a tsawon shekara 20 take ɗumama duniya fiye da kabon sau 80.

Doka kam an yi ta tuntuni. Ta 1979 ta haramta ƙona gas daga 1 ga Janairun 1984, amma ta bar ƙofa: minista na iya ba kamfani izini idan zai biya tara. Tarar ta daɗe a kan naira 10 kacal ga kowace ƙafa dubu ta ma'aunin gas, sai biyan ta ya fi gyara sauƙi. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci cewa ƙona gas a garin Iwherekan tauye haƙƙin rayuwa ne da mutuncin ɗan'adam, duk da haka wutar ba ta mutu ba. Wa'adin daina ƙonawa da aka sa na 2008 ya wuce, na 2020 ma ya wuce. Sai a 2018 aka ɗaga tarar zuwa dala 2 ga manyan masu haƙa, rabin dala ga ƙanana.

Ragin ƙona gas da aka samu, kasuwa ce ta kawo mafi yawansa. Da masana'antar daskarar da gas ta Bonny ta fara fitar da kaya a 1999, abin da ake ƙonawa ya zama abin sayarwa. Ƙasar Norway ma darasi ce: ta hana ƙona gas ba bisa larura ba tun farkon haƙar manta, sannan a 1991 ta ɗora haraji a kan iskar kabon. Kamfani yakan gyara halinsa ne ranar da ɓarna ta fi gyara tsada.

A nan ne masu zuba jari suke shigowa. Asusun fansho da bankuna, musamman na Turai, sun fara tambayar kamfanoni yawan hayaƙin da suke fitarwa kafin su ba su kuɗi. Wannan matsin lamba yana da amfani, amma akwai hanyar zille masa. A 2024 kamfanin Eni ya sayar wa Oando reshensa mai haƙa a kan tudu, ExxonMobil ya sayar wa Seplat nasa na bakin teku, a 2025 kuma Shell ya miƙa nasa na kan tudu ga Renaissance. Ko mene ne dalilin cinikin, da zarar rijiya ta sauya hannu, hayaƙinta ya fita daga rahoton tsohon mai ita, alƙalumansa su yi kyau a idon masu hannun jari. Mutumin da ke zaune a gindin bututun kuwa babu abin da ya sauya masa, an gudu ne ba a tsira ba. Mai jarin da yake da gaskiya, abin da zai tambaya shi ne ko wutar ta mutu, da kuma wanda ya ɗauki nauyin gyaran ƙasar da aka bari.

Abin takaicin ya fi fitowa idan aka duba asarar. Najeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a duniya, alhali masana'antun Kano da Kaduna sun durƙushe saboda ƙarancin lantarki, mata kuma suna girki da itace, dazuzzuka na ƙarewa. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, gas zai ɗauko, irin wannan da ake ƙonawa a banza.

Najeriya ta shiga shirin Bankin Duniya na daina ƙona gas ba bisa larura ba nan da 2030. Yanzu tauraron ɗan'adam yana hango wutar, hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai kuma tana wallafa alƙaluman a intanet, don haka babu sauran ɓoye-ɓoye. Abin da ya rage shi ne a karɓi tarar ba sani ba sabo, a kashe ta a garuruwan da suka cutu, kuma kada a amince da cinikin wata rijiya sai mai saye ya rubuta ranar da zai kashe wutarta.