Ƙarin da ke ɓuya a ƙirji yana haddasa cutar Cushing

Idan hawan jini da ciwon sukari suka kama mutum mai ƙananan shekaru a lokaci guda, fuskarsa ta kumbura ta yi zagaye, cinyoyinsa suka yi rauni har ya kasa miƙewa daga zaune sai ya dafa ƙasa, likitoci kan yi zargin cewa sinadarin kotizol ne ya yi yawa a jikinsa.

Wannan yanayi shi ake kira cutar Cushing, da sunan wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Harvey Cushing, wanda ya yi bayaninta a 1912, ya kuma danganta ta da ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwa a 1932.

Sai dai ba kullum ne tushen matsalar yake cikin kai ba. A wasu mutane ƙalilan, wani ƙari ne a bayan ƙashin ƙirji yake jawo ta, kuma yakan daɗe ba a kai gare shi ba.

Sarƙar umarni

Wasu 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda, waɗanda ake kira adirinal, su ke samar da kotizol. Jiki na buƙatarsa domin daidaita sukari da ƙarfin bugun jini, da kuma jure rashin lafiya. Yakan yi yawa da sassafe, ya ragu sosai da tsakar dare.

Adirinal ba ta aiki sai da umarni. Umarnin wani sinadari ne mai suna ACTH, wanda halittar fituwitari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa take aikowa ta cikin jini. Da zarar kotizol ya isa, sai fituwitari ta rage aike.

Ƙarin da ake magana a kansa yana tsirowa ne a taimos, wata halitta da ke tsakanin huhu biyu a gaban zuciya, wadda ke horar da ƙwayoyin garkuwar jiki a lokacin ƙuruciya, sannan ta ƙanƙance bayan balaga. Wasu daga cikin irin wannan ƙari sukan riƙa zuba nasu ACTH a cikin jini, ba tare da la'akari da yawan kotizol da ke akwai ba. Adirinal kuwa ba ta bambance umarnin gaskiya da na bogi.

A 1972 ne wasu likitoci biyu, Rosai da Higa, suka nuna cewa wannan ƙari daban yake da sauran ƙarin taimos da aka saba gani. Ya fi kama maza, kuma nau'in ciwon daji ne mai yaɗuwa, wanda kan dawo ko bayan an cire shi.

Tambaya ta farko

Cutar Cushing da jiki da kansa yake haddasawa ba ta da yawa: mutum biyu zuwa uku ne cikin miliyan ɗaya suke kamuwa da ita a shekara, kuma mafi yawansu daga fituwitari ne. Wadda taimos ke jawowa ɗan ƙaramin kaso ce a cikin wannan adadi.

Saboda haka idan mai fuska a kumbure ya taso daga Tarai a ƙaramar hukumar Kibiya ya je Babban Asibitin Rano, abin da ya fi dacewa a fara tambayarsa shi ne abin da yake sha ko yake shafawa. Magunguna irin su deksametazon da firednisolon, da ake saye a kemis saboda ciwon gaɓoɓi ko asma, kwaikwayon kotizol suke yi. Haka ma wasu magungunan ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da wasu mayukan bilicin masu ƙarfi. Waɗannan su ne suka fi kowane ƙari jawo cutar, nesa ba kusa ba, kuma mata da yawa ba sa lissafa man shafawa a cikin magani idan likita ya tambaya.

Wanda ya daɗe yana shan irin waɗannan magunguna bai kamata ya daina farat ɗaya ba, domin adirinal ɗinsa ta riga ta yi barci. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Neman inda ƙarin yake

Idan babu batun magani, sai a tabbatar da cewa kotizol ya yi yawa. Ana auna fitsarin awa 24, ko yawun bakin da aka ɗiba da tsakar dare, ko kuma a ba mutum miligiram 1 na deksametazon da ƙarfe 11 na dare a ɗebi jininsa da ƙarfe 8 na safe. A jikin mai lafiya kotizol zai faɗi ƙasa warwas. A jikin mai cutar ba zai faɗi ba.

Akwai wani tarko a nan da ya shafi arewacin Najeriya, inda tarin fuka ke da yawa. Maganin rifamfisin, da ake bai wa masu tarin, yana sa hanta ta narkar da deksametazon da sauri, sai gwajin ya nuna cuta alhali babu ita. Wasu magungunan farfaɗiya da ƙwayoyin tazarar haihuwa ma suna gurɓata sakamakon.

Daga nan aikin ya zama na ƙwararru, a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Za a auna ACTH. Idan ya yi ƙasa, adirinal ce ke aiki da kanta. Idan yana sama, to wani ne ke aiko umarni, kuma tambayar ita ce: daga kai ko daga wani wuri?

Wasu alamu na karkatar da zargi zuwa ƙirji: cutar ta taso cikin 'yan watanni, sinadarin fotasiyam ya faɗi ƙwarai a jini, fata ta ƙara duhu har a tafin hannu da dasashi. Amma ƙarin taimos mai girma a hankali yana iya kama da ciwon fituwitari sak.

Hoton MRI na kai ma yana iya yaudara, domin kimanin mutum ɗaya cikin goma masu lafiya yana da ɗan ƙullutu a fituwitari wanda ba ya cutarwa. An sha yi wa mutane tiyata a kai a sassa daban-daban na duniya, daga baya a gano ƙarin a ƙirji. Shi ya sa ake ɗaukar hoton CT na ƙirji da ciki, hoton da ya fi sauƙin samu kuma yakan nuna ƙarin taimos, wanda hoton ƙirji na yau da kullum kan iya tsallake shi.

Inda shakka ta rage, akan zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa jijiyoyin da ke kusa da fituwitari a ɗebi jini a kwatanta. Akwai kuma hoton PET da ke amfani da sinadarin galiyam-68. Waɗannan biyu sai a manyan cibiyoyi, kuma suna daga cikin dalilan da ke kai masu hali Masar ko Indiya.

Magani

Abin da ke fara kashe irin wannan majinyaci sau da yawa ba ƙarin ba ne, kotizol ɗin ne. Yana karya garkuwar jiki, yana tayar da tarin fukan da ya kwanta, yana sa jini ya daskare a jijiya, wani lokaci ma ya taɓa hankali har dangi su ɗauka iskoki ne. Don haka likitoci kan fara sauke shi kafin a shiga tiyata.

Ana amfani da ketokonazol, wanda asalinsa maganin cututtukan fata ne, sai dai yana iya yi wa hanta lahani, kuma dole a duba lafiyarta tukuna, musamman a yankin da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa. Akwai metirafon, da kuma osilodirostat wanda aka amince da shi a Turai da Amurka a 2020. Ana haɗawa da ƙarin fotasiyam, da maganin sukari da na hawan jini.

Babban magani shi ne tiyata. Akan tsaga ƙashin ƙirji a cire taimos gaba ɗaya, da kitsen da ke kewaye da ita, da ƙulluwan da ƙarin ya taɓa. Idan ya riga ya yaɗu, akan koma ga allurar oktiriyotaid, da magungunan ciwon daji, da gashi.

Idan kuma an kasa gano ƙarin, ko magani ya kasa sauke kotizol, likitoci kan cire adirinal duka biyu. Wannan yana tsayar da cutar nan take, amma mutum zai sha haidirokotizon da wani maganin daidaita gishiri har ƙarshen rayuwarsa. Zai ƙara yawan maganin idan zazzaɓi ya kama shi, kuma sai ya shawarci likitansa kafin ya ɗauki azumin watan Ramadan.

Ko wanda aka cire wa ƙarin cikin nasara yakan buƙaci haidirokotizon na wasu watanni, kafin fituwitarinsa ta farfaɗo. Bayan haka zai ci gaba da komawa asibiti ana auna jini ana ɗaukar hoton ƙirji, domin an ga wannan ƙari ya dawo bayan shekara goma ko fiye.